Duwatsun Murhu Uku: Nasiha ga Jikana Mai Farautar Tsofaffin Sulalla

Jikana, abokin faɗana,

Tun ranar Juma'ar nan da ka zo gaishe ni, ko gaisuwa ba mu ƙare ba ka zaro waya kana nuna mini wani Bature yana jujjuya ƙwandala a tafin hannunsa yana ambaton miliyoyi, na san gwangwanin da ke ƙarƙashin gadona ya shiga uku. Ka ce, "Baba Tsoho, ashe a kan arziki kake kwana ba ka sani ba." Na yi dariya har da tari. Ban ba ka amsa a ranar ba, domin zaure cike yake da baƙi, maganar kuɗi kuwa ba a baje ta a gaban jama'a. Yau gida ya yi tsit, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ban ƙi sha'awarka ba ko kaɗan. Yaron da ke tambayar abin da kakanninsa suka yi ciniki da shi ya fi mini wanda bai san akwai jiya ba. Abin da nake tsoro shi ne ƙofar da ka shigo ta cikinta. Ka haddace magana guda, wai duk kuɗin da aka buga kaɗan tsada gare shi, ka riƙe ta kamar laya. Maganar tana da gaskiya a ciki, amma dutse ɗaya ne daga cikin duwatsun murhu. Kakarka ba ta taɓa ɗora tukunya a kan dutse ɗaya ba.

Bari in fara da yadda gwangwanin ya samu. Muna yara, kuɗin da ke yawo a hannun mutane na Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma ne, wadda Turawan Ingila suka kafa a 1912. Kuɗi iri ɗaya ake kashewa daga Kano har Kumasi, har Saliyo da Gambiya. Akwai anini, wanda goma ke yin kwabo. Akwai sisin kwabo, sai kwabo mai huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida, sai taro, sai sisi, sai sule mai bishiyar kwakwar manja, sai fataka. A 1959 Babban Bankin Najeriya ya fito da namu na kanmu: taro da auduga, sisi da koko, fataka da gyaɗa. Anini bai samu shiga wannan sahu ba. Daga nan ya fara ɓacewa, ya rage a bakin mutane kawai, a ce wane ba shi da ko anini, ko a ce soja ya samu ƙarin anini a kafaɗa.

Canji na biyu a hannuna ya wuce. Ina akawu a baitulmalin En'e lokacin da naira da kwabo suka shigo ranar 1 ga Janairu, 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma. Buhu-buhu muka riƙa ƙirga tsofaffin sulalla muna ɗaurewa ana kwasa zuwa banki. Wata rana da yamma na dubi tulin buhunan, na ce a raina, ashe ɗana zai girma bai san kamannin taro ba. Sai na zaro sabon kuɗi daga aljihuna na canji ɗaya-ɗaya daga kowane iri, na zuba a gwangwanin madara. Mafarin ke nan. Ba na neman riba. Ina neman abin da zan nuna wa irinku.

To, ga dutse na farko, wanda ka riga ka sani: nawa aka buga? Gidajen buga kuɗi suna rubuta adadin abin da suka fitar kowace shekara, kuma masu tara sulalla suna da manyan kundaye da ke ɗauke da waɗannan alƙaluma ƙasa-ƙasa, shekara-shekara. Wani lokaci bambancin yana da ban mamaki. A Amurka, a 1909, an buga sabon santi mai hoton Lincoln, ɗauke da haruffan sunan wanda ya zana shi, VDB. Gidan buga kuɗi na Philadelphia ya fitar da kusan miliyan 28, na San Francisco kuwa 484,000 kacal kafin a cire haruffan. In ka ajiye su biyun a tafin hannu, tagwaye ne. Abin da ya raba su wani ɗan harafin S ne a ƙarƙashin shekara, bai kai ƙwayar gero ba. Na farkon ana samunsa da kuɗin cefane, na biyun sai mai hali. A Ingila ma, ƙwandalar fene hamsin da aka buga a 2009 don cikar lambun Kew shekara 250, guda 210,000 kawai aka saki, har yau mutane suna bincikar canjinsu ko za su dace. Sai kuma kwabon Ingila na 1933. A shekarar bankuna suna da kwabbai fiye da bukata, saboda haka ba a buga na kashewa ba, sai 'yan ƙwarori da aka san kusan bakwai daga cikinsu. Uku an binne su a ƙarƙashin harsashin gine-gine bisa al'adarsu, ɗaya ma ɓarayi sun haƙe shi daga ƙarƙashin wani coci a Leeds a 1970.

Darasin da ke nan shi ne ka koyi karatun ƙwandala kafin ka koyi farashinta. Shekara kaɗai ba ta isa ba. Namu na Afirka ta Yamma ma suna da irin waɗannan alamu. In ka ga ɗan harafin H, a kamfanin Heaton da ke Birmingham aka buga shi. In ka ga KN, na King's Norton ne. In babu harafi, yawanci daga gidan buga kuɗi na gwamnatin Ingila ya fito. Kwabo biyu masu shekara ɗaya suna iya shan bamban a adadi saboda wannan harafi. Haka kuma ƙarfen yana da magana: sule da fataka na farko, daga 1913, azurfa ne, daga 1920 aka koma tagulla. Wanda bai san wannan ba zai sayar da azurfa a farashin tagulla, ko ya sayi tagulla a farashin azurfa.

Dutse na biyu shi ne wanda mai bidiyonka bai gaya maka ba: nawa suka rage? Adadin bugu labarin ranar suna ne. Abin da ya faru bayan nan, wa ya rayu wa ya mutu, wani lissafi ne daban. Ka ji labarin zinariyar dala ashirin ta Amurka ta 1933. Guda 445,500 aka buga, adadin da ba za a kira shi kaɗan ba. Amma kafin a sake su Shugaba Roosevelt ya hana mutane riƙe kuɗin zinariya, aka narkar da kusan dukansu. 'Yan kaɗan suka sulale ta bayan fage. Ɗaya ta faɗa hannun Sarki Faruk na Masar, wanda ya shahara da tara irin waɗannan kaya. Bayan an tumɓuke shi a 1952 ta yi ɓatan dabo, sai a 1996 ta sake ɓulla. A 2002 an yi gwanjonta a kan dala miliyan 7.59, a 2021 kuma ta kai dala miliyan 18.9. Wuta ce ta ba ta wannan daraja, domin ita ta cinye 'yan uwanta.

Yanzu juya maganar. A 1950, gidan buga kuɗi na Denver ya fitar da ƙwandalar santi biyar guda 2,630,030, mafi ƙarancin adadi a jerin irinta. Labari ya bazu tun tana sabuwa. Kowa ya ruga ya saya ƙunshi-ƙunshi ya ɓoye, yana jiran ranar tsada. Farashi ya hau na ɗan lokaci, sannan ya faɗo, domin kowa yana da ita, kuma sabuwa fil. Har yau ba ta da wuyar samu. Abin da kowa ya sani cewa zai yi wuya, ba ya yin wuya, saboda kowa ya adana nasa. Wanda ke ɓacewa shi ne wanda aka raina.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ciwo. Dalar azurfa ta 1903 da aka buga a New Orleans ta daɗe ana ɗaukarta cikin mafiya wuyar samu, domin an zaci an narkar da kusan duka. Sabuwarta takan kai dala 1,500. A ƙarshen 1962 baitulmalin Amurka ya buɗe wani ɗakin ajiya da ya daɗe a rufe, sai ga buhunanta jibge. Cikin ɗan lokaci farashinta ya koma 'yan gomomin daloli. Ka yi tunanin mutumin da ya sayi tasa wata guda kafin a buɗe ɗakin nan. Ni da na ƙirga buhunan kuɗi da hannuna, na san ba wanda ya isa ya rantse cewa babu wani buhu da aka manta a wani lungu.

Kakanninmu sun ɗanɗana irin wannan da kuɗin wuri. Lokacin da Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, wuri 2,500 ake canza dalar azurfa ɗaya. Asalin wurin daga tsibiran Maldibs ake kawo shi, ta hanya mai nisa da wahala, shi ya sa yake da daraja. Da 'yan kasuwar Turai suka gano wani irin wuri mai araha a gaɓar Zanzibar, suka riƙa jibgo shi jirgi-jirgi, sai darajarsa ta yi ta zubewa, har ya zama ɗaukar kuɗin ya fi kayan da za a saya nauyi. Mai keso goma na wuri ya kwana attajiri, 'ya'yansa suka gaji tulin ƙwanso. Duk abin da ƙarancinsa ne kaɗai darajarsa, ranar da ya yawaita ya gama yawo.

A ƙasarmu, abin da ya cinye tsofaffin kuɗi ba ɓoyayye ba ne. Na azurfa sun tafi maƙera, sun koma mundaye da zobba da warwaro. Masu huda an kafa su da ƙusa a kan kwanon rufi, an rataya wasu a wuyan yara. Aninin farko na 1907 da sanholo aka yi shi, yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe, amma bai jure gumi da damina ba, ya riƙa cin kansa, har a 1908 aka sauya masa ƙarfe. Saboda haka samun wanda ya tsira da kyansa ya fi abin da adadin bugunsa zai nuna maka wuya. Kundi zai gaya maka nawa aka haifa. Nawa suka kai yau, wannan sai ka yi yawo, ka yi tambaya, ka daɗe a cikin harkar.

Dutse na uku: wa ke so? In kana da abu guda ɗaya tak a duniya, amma ba mai nemansa, to kana da abu guda ɗaya tak, shi ke nan. Tsada tana tashi ne inda mutum biyu masu kuɗi suka ɗora ido a kan abu ɗaya, kowa ya ƙi janyewa. Santin Amurka na 1909 da na ambata, guda 484,000 ba ƙaramin adadi ba ne in ka kwatanta da kuɗaɗen wasu ƙananan ƙasashe da aka buga dubu ashirin ko talatin. Amma masu tara kuɗin Amurka ba su ƙirguwa, kowanne yana da gurbin wannan santi a allonsa yana jiran cikewa. Ƙwandalar wata ƙasar kuwa tana iya fin sa ƙaranci sau goma, ta yi shekara a kan tebur ba wanda ya taya.

Inda duwatsun uku suka haɗu, nan ake jin kuɗin da ke sa mutum salati. Akwai dinarin zinariya na Banu Umayya na shekara ta 105 bayan Hijira, wanda aka rubuta a jikinsa cewa daga ma'adinin Amirul Muminina da ke Hijaz yake. Nauyinsa bai wuce giram huɗu da 'yan kai ba. An buga kaɗan, kaɗan suka rage, masu sonsa kuwa sun haɗa da gidajen tarihi da attajiran ƙasashen Larabawa, domin yana ambaton ƙasa mai tsarki. A 2011 an sayar da ɗaya a Landan a kan fam miliyan 3.7. Zinariyar da ke jikinsa ba ta fi ta ɗan kunnen amarya ba. Sauran kuɗin duk na tarihi ne da ƙauna.

Wannan ya kawo ni kan wani tarko na zamani. Za ka ga ana tallar sababbin sulalla masu ƙyalli a cikin akwati mai laushi, da takardar shaida, an rubuta cewa guda dubu kawai aka buga a duk duniya. Ka tambayi kanka, wa ya yanke adadin? Mai sayarwa. Nawa za su lalace? Ko ɗaya, domin ba wanda zai kai su kasuwa ya sayi gishiri. Wa zai nema bayan shekara goma? Allah masani, tunda kafin nan an fito da wasu ɗari irinsu. Ƙarancin da aka ƙera da gangan don a sayar maka, dutse ɗaya ne aka shafa wa fenti.

Kada ka zaci ina magana ne daga kan tudu. Sau biyu na faɗa rami, kuma gara ka ji daga bakina.

Na farko, wani dillali a kasuwa ya kira ni gefe, ya kwance ƙullin tsumma, ya nuna mini babbar ƙwandalar azurfa mai hoton wata mace mai ƙiba, an rubuta 1780. Irin wadda kakanninmu ke kira liyari, mata na jera ta a abin wuya. Ya rage murya ya ce ta kusa shekara ɗari biyu, daga gidan wata sarauta ta fito. Na ƙirga shekarun da yatsuna, zuciyata ta buga, na ba shi kusan rabin albashina. Daga baya wani malamin tarihi ya dube ta ya yi murmushi. Ya ce hoton Mariya Tareza ce, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Saboda 'yan kasuwar Larabawa da Habasha da ƙasashenmu sun amince da wannan kuɗi, ba sa karɓar wanda aka sauya wa kama, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba canji, a Biyana, da Landan, da Faris, da Rum, har da Bombay. An buga ɗaruruwan miliyoyi, kuma har yanzu ana bugawa. Tawa azurfa ce ta gaskiya, giram 28, amma darajarta ta nauyinta ce kawai. Dillalin bai ƙirƙiri shekarar ba, tana nan a rubuce. Ni ne na karanta abin da nake so in gani.

Na biyu ya fi ba ni haushi, domin ba wanda ya cuce ni sai hannuna. Ina da sulen azurfa na farkon zamanin Sarki Joji na Biyar, rubutunsa tsaf, ganyen bishiyarsa ɗaya-ɗaya ana gani, sai dai ya yi duhu saboda daɗewa. Na ce bari in fito masa da haske. Na samo toka da lemun tsami na dirje shi kamar ana wanke tukunya. Ya yi fari tas, na ji daɗi. Ranar da na nuna wa wani masani, ya ɗaga shi a hasken rana, ya nuna mini dubban ƙananan ƙarce a fuskarsa, ya ce, "Malam, ka kankare fiye da rabin kuɗinsa." Garin gyaran gira na rasa ido. Wannan duhun da na raina shi ne shaidar shekarunsa, kamar furfura a kan dattijo. Don haka ka riƙe wannan da kyau: kada ka wanke, kada ka goge, kada ka kai wa maƙeri ya ƙona. Ka kama ƙwandala ta gefenta, kada ka ɗora yatsa a fuskarta, domin gumi yana cin ƙarfe. Kowace ka sa ta a 'yar ambulan ta takarda ita kaɗai, a wuri busasshe, nesa da laimar damina.

Lafiyar jikin ƙwandala babban abu ne a wannan harka, har masu ita sun yi mata ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda wani Ba'amurke mai suna Sheldon ya fito da shi a 1949. Ɗaya ita ce wadda ta side har da kyar ake gane ta, saba'in kuwa wadda ba ta da ko tabo. Akwai kamfanoni irin su PCGS da NGC da ba su da aiki sai duba kuɗi, su tabbatar ba jabu ba ne, su ba shi maki, su rufe shi a cikin roba. Ƙwandala biyu masu shekara ɗaya da harafi ɗaya, wata za ta ninka wata sau ɗari saboda wannan maki. Galibin abin da za ka tarar a hannun masu kayan gargajiya a Kasuwar Kurmi ya sha hannu, ya side. Ka saya don ka koya, a farashin abin koyo.

Sai maganar jabu da 'yan damfara. Duk inda ɗan harafi ke ninka kuɗi, akwai mai zaune da kayan aiki yana ƙera harafin. Santi goma na Amurka na 1916 mai harafin D, wanda aka buga 264,000, ya yi suna wajen wannan: a ɗauki na Philadelphia da aka buga fiye da miliyan 22, a manna masa D, a kai kasuwa. Ana kankare lamba a mayar da wata shekara, ana zuba narkakken ƙarfe a kwaikwayi tsohon kuɗi. Kafin ka sayi ƙwandala mai tsada ko ɗaya, ka sayi abu uku masu araha: madubin masu gyaran agogo, ƙaramin sikeli irin na masu zinariya, da mayen ƙarfe. Azurfa da zinariya ba sa bin mayen ƙarfe. Kowane kuɗi yana da nauyinsa da faɗinsa a rubuce a kundi, in ya saɓa, ka mayar wa mai shi. Kuma kada ka yi cinikin biri a sama, hoto a waya ba ƙwandala ba ne.

Za su zo maka da wani salo kuma. Wani zai ce akwai Bature a otal yana sayen kwabo mai huda miliyan-miliyan, domin wai akwai wani sinadari a cikinsa. Kwana biyu sai ga wani daban yana da irin kwabon, zai sayar maka da rahusa saboda matsuwa. In ka saya, Bature ya bi iska, su biyun ma haka. Tun ina saurayi ake wannan wasa, wani lokaci da tsohon dutsen guga, wani lokaci da keken ɗinki. Tambaya ɗaya ke warware shi: in da gaske ne, me ya hana shi kai wa Baturen da kansa? In kura na maganin zawo, ta yi wa kanta.

Yanzu maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina. Kada ka sa kuɗin abinci, ko na makaranta, ko jarin sana'arka a wannan abu. Ƙwandala ba ta haihuwa kamar akuya, ba ta tsiro kamar gero. Tana kwance ne sai ranar da mai so ya zo, ranar kuwa ba ta da alƙawari. In matsuwa ta sa ka nemi mai saye da gaggawa, dillali zai karanta fuskarka kafin ya karanta ƙwandalar. Ka sa abin da in ya ɓace ba za ka rasa barci ba.

In harkar ta kai ka ga zinariya da azurfa, ka tuna suna da hukunci na musamman a addini. Musayar zinariya da zinariya ko azurfa da azurfa tana da sharuɗɗa, kuma nisabin zakka dinari ashirin ne ko dirhami ɗari biyu. Abin da aka saya don a sayar shi ma yana da nasa lissafin. Ka je wurin malami ka tambaya tun kafin ka shiga, matambayi ba ya ɓata. Haka nan abin da aka tono daga ƙasa ko ya danganci kayan tarihi, akwai Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da dokarta, ba a fitar da shi waje sai da izini.

Sannan ka ji tsoron Allah a kan wanda ya fi ka rashin sani. Wata rana tsohuwa za ta kawo maka ƙullin sulallan mijinta da ya rasu, ta ce ka ba ta abin da ya sauwaƙa. Kai ka san akwai mai daraja a ciki, ita ba ta sani ba. A nan ake gane ɗan halak. Ka gaya mata gaskiya, ka ci ribarka daidai gwargwado. Ilimin da ka tara don kada a cuce ka, in ka juya shi ka cuci wani, ka zama dillalin nan da ya kira ni gefe, sai dai kai ka fi shi laifi, domin an yi maka nasiha.

In ka tambaye ni ta ina za ka fara, zan ce ka zaɓi gona ɗaya ka nome ta. Ka ɗauki kwabon Afirka ta Yamma, misali, ka bi shi shekara-shekara, harafi-harafi. Ko ka haɗa jerin 1973 cikakke: rabin kwabo mai auduga, kwabo mai rijiyar mai, biyar mai koko, goma mai kwakwa, ashirin da biyar mai dalar gyaɗa irin wadda na gani da idona a Kano. In ka leƙa wurin dangi a Maraɗi ko Damagaram, ka nemo tsofaffin dala da sauran sulallan sefa. Ka sayi littafin rubutu, kowace ƙwandala ka rubuta shekararta, harafinta, nauyinta, inda ka same ta, da abin da ka biya. In ka je Abuja ka shiga gidan tarihin kuɗi na Babban Banki ka ga na gaskiya da idonka, gani ya kori ji. Bayan shekara biyu a gona ɗaya, za ka fara lura cewa wata shekarar kullum tana zuwa hannunka, wata kuwa ba ka taɓa cin karo da ita ba. Ranar da ka gane wannan da kanka, ka mallaki abin da mai bidiyo ba zai iya ba ka ba.

A cikin ambulan ɗin nan na sa maka abu biyu. Na farko kwabo ne na 1936. Duba rubutun da ke kewaye da hudar, za ka ga sunan Edward na Takwas, sarkin Ingila da ya hau a Janairu ya sauka a Disamba na shekarar, saboda matar da ya nace zai aura. A Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba. Amma namu mai huda ba ya bukatar hoton sarki, suna kawai ake sauyawa, sai aka buga aka turo mana. Ka ga labari mai daɗi, sarauta ta wata goma sha ɗaya, kuɗin da Bature bai kashe a garinsu ba amma kakanka ya sayi ƙosai da shi. Duk da haka miliyoyi aka buga, mutane da yawa kuma sun adana, don haka ba zai saya maka ko tayar keke ba. Na fi son sa da yawancin abin da ke gwangwanin.

Na biyu naira biyu ce da aka saki a 2007, mai ƙarfe kala biyu, wadda ko almajiri ka miƙa wa sai ya dube ka. Haka aka yi wa anini a gabana. Ban ce za ta yi tsada ba, kada ka je ka ce Baba Tsoho ya ce. Na ce dai ka adana ta da kyanta, domin wata rana wani yaro zai tsugunna a gabanka ya tambaye ka da me kuka yi ciniki.

Gwangwani kuwa yana nan inda yake. Ranar da ka zo da littafinka, ka zauna a tabarmar nan ka gaya mini harafin da ke jikin kwabon da na ba ka da garin da aka buga shi, ba tare da ka leƙa waya ba, zan jawo shi mu buɗe tare. Ka zo da goro, kada ka zo da toka da lemun tsami.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka arziki mai amfani, Ya tsare ka daga kwaɗayi.

Kakanka.